Tururuwar da Ta Gyara Mana Tarko

Samarin da ke sauka daga adaidaita sahu za su shiga aikin safe sukan tsaya a gaban rumfata a Sharaɗa, wani ya ɗauki tarkon ɓera ya jujjuya shi, ya ce, "Baba Ilu, wannan ai katako ne da waya. Ko ni sai in yi." Nakan tura masa benci da ƙafa in ce ga katako, ga waya, bisimilla. Har yau ba wanda ya zauna. To tunda ba ku zama, bari in ba ku labarin a tsaye.

Ni asalina ba mai tarko ba ne, mai sifirin ne. Aikin farko da aka ba ni a wani kamfanin gadajen ƙarfe a Bompai shi ne miƙar da waya. Takan zo a nannaɗe kamar gammo, in ka yanke ɗaurin ba ka taka ta da ƙafa ba, sai ta warware ta zane ka a fuska. Maigidana a wurin, Malam Hamisu, mutumin Damagaram ne, dogo, marar yawan magana. Sai da na daɗe ina miƙar da waya kafin ya bar ni na taɓa sandar da ake naɗa sifirin a jikinta. Ranar da ya yarda, ya ɗora min sifirin guda a tafin hannu ya ce in danna. Na danna a hankali har ya ƙanƙance. Ya ce in saki. Ya yi tsalle ya bugi kwanon rufi.

"Ka ga?" in ji shi. "Kai ka ba shi ƙarfi kaɗan-kaɗan, shi ya biya ka gaba ɗaya. Sifirin ma'aji ne. Duk sana'ar ke nan, sauran gumi ne."

Sauran kuwa gumi ne. Bayan an naɗa sai a gasa, don ƙarfen ya riƙe siffarsa. In wuta ta yi kaɗan, mutum ya kwana a gado wata guda sifirin ya kwanta bai ƙara tashi ba. In ta yi yawa, ya karye kamar ƙuli-ƙuli. Launi ake kallo: daga ruwan ƙasa-ƙasa ya koma shuɗi irin na wuyan tantabara, a nan ake janyewa. Sannan a jefa shi kan siminti a saurara. Mai kyau yakan yi ƙara siririya mai tsawo. Marar kyau sai ya ce ƙwal, ya yi shiru.

Mai kula da tandar gashin wani ne Bulus, daga wajen Kagoro, gajere mai faɗin ƙirji da dariyar da ake ji daga bakin ƙofar kamfani. Tare muke cin abincin rana. Ranar Juma'a shi ke riƙe min injina in tafi masallaci, in aikin Lahadi ya faɗo a kansa ni ke tsaya masa a tanda. A haka muka yi aure, muka haihu, furfura ta fara leƙowa.

Sai shekarar da komai ya tsaya. Mutane suka koma gadon katako da katifar soso, wutar lantarki kuma ta zama baƙuwa, in ta zo da hantsi kafin azahar ta yi sallama. Aka rage mana kwanakin aiki, aka sake ragewa, wata safiya muka tarar da kwaɗo a ƙofa. Aka bar kowa ya ɗauki kayan hannunsa. Malam Hamisu ya ba ni sandunan naɗinsa ya koma gida Damagaram. Ni da Bulus muka haɗa filaya, guduma, magagari da almakashin waya a buhu ɗaya, muka kafa rumfar nan a jikin katangar wani sito. In kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja. Muka shiga gyaran sifirin ɗin sikeli, na keken ɗinki, na sirdin babur. Wata rana a samu, wata rana mu zauna muna korar ƙuda. Sabuwar waya ta fi ƙarfinmu, sai muka gano cewa a leɓen tsohuwar tayar babbar mota akwai waya mai kyau ƙwarai, in ka yanka robar ka zaro ta ka kankare.

Ana cikin haka wata mata ta tsaya da mota a gabanmu. Hajiya Ladidi ke nan, mai sayen riɗi da zoɓorodo tana tarawa a wani babban sito a nan bayanmu. Ba ta ko fito ba, ta sauke gilashi.

"Ku ne masu waya? Kun iya tarkon ɓera?"

Kafin in buɗe baki Bulus ya ce, "Hajiya, ai mu muka koya wa ɓera gudu."

"To ku zo ku ga ɗalibanku."

Muka je. Buhuna har rufi, kowane da huda a gindi, riɗi a ƙasa kamar yashi. Ta ce ba ta isa ta sa guba ba, abinci ne, masu saye kuma suna gwadawa. Ta kawo kyanwa, ɓerayen suka kore ta. Ta ce in muka yi mata maganinsu, duk masu sito na layin za ta turo mana su.

Muka koma muka yi tarkuna irin wanda kowa ya sani: allo, sifirin a tsakiya, lanƙwasasshiyar waya mai faɗowa wadda muke kira mari, sakata mai riƙe marin in an ɗana, da kunama, wato ɗan ƙarfen da ake soka abinci a kai, wanda in an taɓa shi sakata ta kuɓuce. Muka soka busasshen kifi muka jera. Da safe duk sun tashi, amma ba ɓera ko ɗaya. A wani muka sami gashin baki, a wani guntun wutsiya.

Muka ce sauri ne bai isa ba. Muka naɗa sifirin mai kauri, wanda sai ka sa hannu biyu kake ɗana shi. Washegari muka tarar da su a ɗane yadda muka bar su, kifin kuwa an cinye tas, har an lashe. Ƙarfin sifirin ya danne sakata, ta danne kunama, ɓera ya hau ya yi zamansa ya ci ya sauka.

Hajiya ta ɗaga ɗaya da yatsu biyu ta dube mu.

"Malam Ilu, ni fa tarko na ce ku yi min, ba faranti ba. Sabon riɗi na hanya. In ya iso ba ku gyara ba, zan aika kasuwa a kwaso min na waje."

Gaskiya ta faɗa. Kuma mun san in wannan aikin ya kuɓuce, rumfar ma tashi za ta yi.

Waya ta ƙare mana, sai muka tafi Challawa, bayan kamfanonin jima, inda wani mai faci ke tara tsofaffin tayoyi. Muka yanka har rana ta take, muka koma gindin wani mangwaro da ke bakin lambatu mu huta. Wurin kullum a jiƙe yake, da wani ruɓaɓɓen kututture a gefe. Ina kwance ƙunshin gurasa sai Bulus ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Ka ji?"

"Me?"

"Saurara mana."

Can na ji wani ɗan sauti, ƙas, kamar an karya tsinken ashana. Bulus ya durƙusa yana dariya.

"Wallahi 'yan garinmu ne! Ilu, zo ka ga. A gida ƙarƙashin bishiyoyi suke, muna yara mukan tsokane su. Ban san sun zo ci-rani Kano ba."

Tururuwa ce baƙa, doguwa, siririya, amma ba irin wadda na sani ba. Kanta dogo ne, kuma maimakon ƙananan haƙora masu cizo, tana da wasu dogaye guda biyu a gaban kai. Abin mamakin, ba a rufe take yawo da su ba. Ta wangale su, ɗaya dama ɗaya hagu, sun miƙe sambal kamar mutum ya buɗe hannuwa zai rungumi ɗan'uwansa. A haka take tafiya a hankali, ba sa ko motsi.

"Wannan ai a ɗane take," na ce.

Bulus ya tsinko kara siriri ya taɓa mata baya. Ta juya kawai. Ya taɓa ƙafa, ta matsa. Da ya kawo karan ta gabanta, tun bai kai ga bakin ba, sai ƙas! Ban ga rufewar ba. Na ga baki a buɗe, na ga baki a rufe, tsakaninsu ban ga komai ba. Ta tsaya, ta sake buɗe su a hankali har suka miƙe, suka tsaya cak.

Na karɓi tabaran Bulus na karatu na riƙe shi kamar madubin mai gyaran agogo, na kwanta rubda ciki. A nan na ga abin. Daga cikin bakin akwai wasu gasu sirara ƙwarai da suka miƙo gaba. Su karan ke taɓawa. Na gwada, na sake gwadawa. In karan bai kai gashin ba, ba ta bugawa. In ya taɓa, yana daidai inda bakunan biyu za su haɗu. Tsawon gashin shi ne awon bakin. Muna kallo wata ta ci karo da gara, ta matsa a hankali har gashin ya taɓa, ƙas, garar ta sandare.

Bulus ya ce, "Bari ka ga wani abu." Ya kawo bakin wuƙarsa. Ta buga a jikin ƙarfen, sai ga ta a sama, ta yi tsalle da baya ta faɗa nesa da mu, ta miƙe ta kama gabanta. Ƙarfin bugun ne ya cilla ta, tunda wuƙa ba ta matsawa. Na yi dariya har na sa hannu na kama ɗaya don in duba da kyau. Ashe bayan baki tana da harbi a gindi. Na yi ihu na yarfe hannu, Bulus ya faɗi ƙasa yana riƙe ciki.

"Na manta ban gaya maka wannan ba," in ji shi.

A hanyar komawa, da kumburarren yatsa, na ce masa, "Bulus, ba sauri ne ya gaza mana ba. Awo ne. Mun sa kifin a bakin allo. Ɓera na tsaye a waje ya miƙo wuya ya taɓa, mari ya faɗo a gaban hancinsa."

Ya ce, "Kuma ka lura gashin nan ba ya ɗauke da nauyin komai? Labari kawai yake kaiwa. Mai riƙe ƙarfi daban, mai jin taɓi daban. Mu kuma mun ɗora wa kunama dakon sifirin."

Tarkon da muka yi a ranar shi nake yi har yau. Muka mayar da abincin can ciki, kusa da sifirin, yadda sai ɓera ya shigo da kai da kafaɗa cikin da'irar mari kafin ya kai gare shi. Muka tsawaita sakata, don in ta yi tsawo nauyin da ke kaiwa ƙarshenta kaɗan ne, muka goge bakinta da magagari har ya yi santsi. Kunama kuma muka yi ta da faffaɗan gwangwani marar nauyi, ko ƙafa ya ɗora ta isa. Sifirin mai kaurin nan muka bar shi yadda yake. Na ɗana ɗaya, Bulus ya sako masa tsinken tsintsiya daga sama. Tarkon ya daka tsalle daga kan benci ya kife.

"Shi ma ɗan garinmu ne," in ji Bulus.

Da yamma muka kai su sito muka jera. Da safe maigadin Hajiya ya tarye mu tun daga bakin titi da bokiti cike da ɓeraye a hannu, yana washe baki. Hajiya ta leƙa ciki ta toshe hanci da gyale.

"A fitar min da su! Wa ya koya muku wannan cikin kwana kaɗan?"

Bulus ya ce, "Wani injiniya ne a Challawa, Hajiya. Ba ya son a faɗi sunansa."

Ta cika alkawari. Masu sito suka zo, masu ajiyar fulawa, masu kamfanin biskit, har masu jima, don ɓera na cin fata. Kowane da irin nasa. Mai gafiya sai a yi masa babba da allon da ba za ta ja ba. Mai sito kusa da injin da ke girgiza ƙasa sai a ɗan ƙara wa sakata kamu, in ba haka ba tarkon ya yi ta tashi shi kaɗai. Kuma kullum ina gaya musu, kada a bar tarko wuri ɗaya, a jera shi a jikin bango don ɓera ba ya ratsa fili, in ya kama a wanke a kanga shi a hayaƙi. Wanda ya ji ya dawo da godiya. Wanda bai ji ba ya dawo da ƙorafi, in sake faɗa masa.

Da tarkon nan na yi wa 'yata Nafisa makaranta har jami'a, inda ta karanta ilimin halittu. Wani hutu ta kawo mana abinci rumfa, Bulus ya ba ta labarin injiniyansa. Ta ajiye kwano ta ce, "Baba Bulus, ai mun karanta su!" Ta nemo mana hoto mai motsi a wayarta, wanda aka rage wa gudu ƙwarai. Ko a nan da ƙyar ido ke kama rufewar.

Ta ce a cikin kan akwai wata babbar tsoka da ta kusan cika shi, ita ke ja a hankali alhali baki na kulle a buɗe, har ƙoƙon kan da jijiyoyin su ɗan lanƙwashe su tara ƙarfin. Sannan wata 'yar ƙaramar tsoka mai sauri, da gashin ya kai mata labari, ta zare makullin.

"Sifirin, sakata, kunama," na ce.

"Haka ne, Baba. Tsoka ita kaɗai ba za ta iya wannan saurin ba, sai da ma'aji."

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da ta ce ba iri ɗaya ba ne. Masana sun gano dangogin tururuwa daban-daban masu irin wannan baki, waɗanda ba su gaji abin daga kaka ɗaya ba. Kowane dangi kakanninsa masu baki ne na kamawa da riƙewa kamar sauran tururuwa, sai a tsawon zamani siffar ta yi ta sauyawa kaɗan-kaɗan, wadda ta fi kama abinci ta fi barin zuriya. Kuma kowane dangi da inda sakatarsa take: wani a gaɓar muƙamuƙi, wani leɓensa na sama ne ke tokare bakin.

Na ce, "Allah ne Masanin yadda ya tsara abinsa. Amma a sana'a na ga irin haka. Na taɓa riƙe tarkon wani maƙeri daga Gumel, ban san shi ba bai san ni ba. Sakatarsa a gefe take, tawa a sama, amma matsala ɗaya muka warware. Ɓera ne malaminmu mu duka."

"Su kuma gara da ƙwari masu tsalle," in ji ta.

Bara da rani mai facin nan na Challawa ya aiko mana cewa an sayar da filin, za a sare mangwaron a yi gini. Bulus yanzu gwiwa ta hana shi tsugunno, ni ma ido sai da tabarau nawa na kaina. Duk da haka ya zo rumfa da sassafe da shebur da buhu.

"Tashi mu je mu kwaso injiniya."

Na kira Nafisa a waya. Ta ce in ba mu haɗo da uwar gidan ba, wato mai yin ƙwan, aikin banza ne, don haka mu ɗauko kututturen gaba ɗaya da ƙasar da ke ƙarƙashinsa, kada mu fasa shi. Muka sa safar hannu ta masu walda, muka ɗaure bakin wando da igiya, muka haƙa. Duk da haka sai da suka same ni a wuya, suka sami Bulus a inda ba ya son a faɗa. Muka cusa a buhu muka ɗaure, muka tare adaidaita sahu zuwa gidana a Ɗorayi.

Muna cikin tafiya direban ya rage gudu ya karkata kai. Ya tsaya ya fita, ya zagaya ya duba tayoyi, ya buɗe inji, ya dawo.

"Baba, ku yi haƙuri, wani ƙas-ƙas nake ji, ban san daga ina ba."

"Ja mu je, ɗana," in ji Bulus. "Fasinjoji ne ke tafi."

Muka ajiye kututturen a gindin gwabar da ke bayan gida, kusa da inda ake alwala, muka rufe da busasshen ganye. Maiɗakina ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe haɓa.

"Malam, mutane na fitar da ƙwari daga gida, kai da amininka kuna shigo da su a mota?"

Na ce baƙi ne, a yi haƙuri da su. Muka yi ta zuba ruwa, rani ya wuce ba mu ga ko ɗaya ba. Bulus ya daina tambaya. Sai bayan ruwan farko, ina zaune a rumfa, wayata ta yi ƙara. Maiɗakina ce.

"Ka gaya wa Bulus baƙinku sun fito," ta ce. "Har da ƙanana. Ɗaya ta harbe ni a ƙafa ina shanya."

Na ce sannu, Allah ya sawwaƙe, ki shafa manja. Na rufe wayar na dubi Bulus. Ya riga ya miƙe yana neman hularsa.